ABOKIN CINIKI MAI WUYAR SHA'ANI: WA ZA A JURE, WA ZA A ƘI?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya rarraba arzikin bayinsa a hannun junansu domin ya jarrabi mai saye da mai sayarwa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), wanda ya yi fatauci tun kafin a aiko shi har mutanen Makka suka shaide shi da amana, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Kwanakin baya, bayan an idar da sallar La'asar, wani saurayi mai shago kusa da tashar mota a nan Agadas ya biyo ni har bakin ƙofar masallaci, ya rusuna ya gaishe ni, sa'an nan ya ce: "Allah gafarta Malam, akwai wani dattijo da ya ishe ni. Kullum ya zo sai ya kushe kaya, ya yi tayin wulaƙanci, ya ɗauki sukari da shayi bashi ya share wata uku, in na tuna masa ya ce na raina shi a gaban mutane. Ya halatta in ce kada ya ƙara taka mini shago?"

Kafin in ba shi amsa sai na ce: "Yaro, to wane ne ka fi jin daɗin ciniki da shi?" Nan take fuskarsa ta washe. Ya ce akwai wani mutum mai zuwa bayan Isha'i, ya kwashi man fetur jarka-jarka da buhunan abinci, ba ya tayi, ba ya neman ragi, ya ƙirga kuɗi a hannu ya tafi. Na ce: "Ka san inda yake kai su?" Ya ce: "Ana dai ƴan maganganu a kansa, amma ina ruwana, Malam?"

Wannan amsa ita ce dalilin wannan rubutu. Lalle da yawa daga cikinmu mun birkita ma'auni. Wanda ya cancanci haƙuri shi muke kora, wanda kuwa ya kamata a yi taka-tsantsan da shi shi muke shimfiɗa wa tabarma, saboda na farko yana ɓata mana rai, na biyu yana cika mana aljihu.

GARIN DA BAƘO YA RAYA

Ya ɗan'uwa mai karatu, wannan tambaya ba sabuwa ba ce a garinmu. Tun tsakiyar ƙarni na 15 da sarautar Abzin ta zauna a Agadas, garin yake mahaɗar hanyoyi tsakanin ƙasar Hausa da Arewacin Afirka. Hasumiyar babban masallacinmu mai tsawon mita 27, wadda aka gina wajen 1515 aka sabunta ta a 1844, ta daɗe tana yi wa matafiya alamar isowa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka garin a 1850, ya tarar a fada akwai mai muƙamin Sarkin Turawa, wanda sha'anin fatake baƙi yake hannunsa, domin a wancan zamani Larabawan arewa ake kira Turawa. Wato kakanninmu sun ɗauki baƙon ɗan kasuwa da girman da har aka naɗa masa hakimi.

Dubi kuma ayarin gishiri mai ƙetare Tenere zuwa Fachi da Bilma, tafiyar kimanin kilomita 600 daga nan, ana kai hatsi a dawo da kantu da dabino. A cikin ayari akwai mai mita, akwai mai saurin fushi, akwai mai nawa. Ba a san madugun kirki da ya bar mutum cikin rairayi don halinsa ya dame shi ba. Amma fa shi wannan madugun, tun kafin a tashi, yakan hana tafiya ga wanda bai tanadi isasshen ruwa da ɗaurin ciyawar raƙuma ba, domin babu kiwo a Tenere, kuma sakacin mutum guda yana iya halaka ayari. Ashe madugu ya san bambanci tsakanin wanda zama da shi yake da wuya da wanda tafiya da shi take da haɗari. Wannan bambancin shi ne muke nema mu dawo da shi cikin shagunanmu da tashoshinmu.

HAƘƘIN MAI WUYAR SHA'ANI

Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa wani mutum ya zo neman raƙumin da yake bin Manzon Allah (S.A.W.) bashi, ya kausasa masa harshe har sahabbai suka yunƙura za su hukunta shi. Manzon Allah ya hana su, ya nuna musu cewa mai haƙƙi yana da bakin magana. Da aka duba ba a sami raƙumi tsaran nasa ba sai wanda ya fi shi, sai ya yi umurni a ba shi mafificin. Mu mutanen Abzin mun san tazarar da ke tsakanin raƙumi da raƙumi. Mutumin ya zo da mugun lafazi, ya koma da abin da ya fi haƙƙinsa. Haka kuma Manzon Allah ya yi addu'ar rahama ga mutum mai sauƙin kai idan zai sayar, da idan zai saya, da idan zai nemi bashinsa. Ya kuma kwaɗaitar da mai kaya ya karɓi kayansa daga wanda ya saya ya yi nadama, abin da malaman fiƙihu suke kira iƙala, da fatan Allah ya yafe masa nasa tuntuɓen ranar Alƙiyama.

Mai hankali zai tambayi kansa: me ya sa wannan mutum yake da wuyar sha'ani? Sau da yawa dattijon da ke jayayya a kan dala biyar, dala biyar ɗin ce ta rage tsakaninsa da kunya a gidansa. Matar da ke buɗe buhu ta cusa hannu har ƙasa, wataƙila an taɓa sayar mata da gero sama mai kyau ƙasa tsakuwa. Baƙon da ke ƙirga canji sau uku yana hararar ka, wataƙila tun daga ƙasarsu har zuwa nan babu shingen da ba a tatse shi ba. Talauci da tsoro da tsohuwar cuta su ne suke magana da bakin mutum. Idan ka fahimci haka, rabin fushinka ya tafi. Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma babu ɗan kasuwar da jarinsa ya taɓa karyewa saboda ya ce "albarka" da murmushi a maimakon tsaki.

Maƙeran azurfa da dukawan garin nan shaida ne. A shekarun da masu yawon buɗe ido suke cika gari, sau nawa aka yi ƙorafin cewa sun cika tayi, sun cika tambaya, su sa a kwance kaya duka su tafi ba su sayi ko zobe ba? Da tawayen 2007 ya zo, aka kuma sace ma'aikata bakwai a Arlit a watan Satumba na 2010, ƙafarsu ta ɗauke. A lokacin ne aka gane cewa mai yawan tayin nan ma wata ƙofa ce ta arziki da Allah ya buɗe.

Sai dai kada a fahimci maganata a karkace. Haƙuri bai wajabta maka ka karya jarinka ba. Ciniki ba ya ƙulluwa sai da yardar ɓangarori biyu, saboda haka kana da ikon ka ƙi tayin da bai yi maka ba, kana da ikon ka ƙi ba da bashi. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, mai bi mata kuma ta ambaci jingina. Kafin su, aya ta 280 ta yi umurni da jinkirta wa matalauci har ya samu. Sunna kuma ta bayyana cewa mawadacin da ke ja wa mai binsa rai azzalumi ne. To ka ga Shari'a ta ba ka garkuwa, ta kuma sa maka linzami. Ƙin ba da bashi daban, tozarta mutum daban. Kana iya cewa: "Baba, ka yi haƙuri, littafina ya cika, amma ga wannan ka sha shayi." Ka tsare dukiyarka, ka bar masa mutuncinsa.

WANDA YA WAJABA A ƘI

Yanzu mu koma ga mutumin dare, wanda ba ya tayi. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya suna da ƙa'ida sananniya ta toshe kafar ɓarna. A kanta suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, suka hana sayar da makami ga ɗan fashi da masu tayar da fitina. Inabi halal ne, takobi halal ne, kuɗin ma an biya cif. Abin da ya ɓata cinikin shi ne sanin inda kayan za su. Asalin wannan kuwa shi ne hanin da ya zo a farkon Suratul Ma'ida game da taimakon juna a kan saɓo da ƙetare iyaka.

A lura da kyau, addinin mutum ko ƙabilarsa ko ƙasarsa ba su ne abin dubawa ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Saboda haka wanda ya ƙi sayar wa baƙo ruwa don ba ya jin harshensa, ko ya ninka masa farashi don ya ga ba shi da kowa a gari, ba shi da hujja daga Sunna. Abin dubawa shi ne makomar kayan da makomar aikin.

Malamai sun bambanta hali uku. Na farko, ka sani a kan yaƙini cewa ɓarna za a yi da abin. Nan babu saɓani cikin mazhabarmu, ka kame hannunka. Na biyu, alamomi sun taru har zato ya rinjaya; nan ma mai tsoron Allah yakan janye. Na uku, shakka ce kawai marar tushe. Nan asali shi ne kyautata zato, kuma ba a ɗora maka bin diddigin kowane mai sayen wuƙa ba, domin leƙen asirin mutane shi ma haramun ne. Matsalarmu ita ce mukan tura hali na biyu cikin na uku da gangan. Mutum ya kawo maka raƙumi mai tambarin wasu mutane a rabin kuɗi, ka ce ba ka sani ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyar ya zo sayen katan na ƙwayar tramadol, ka ce wataƙila ciwon baya yake yi. Mai mota ya kwashi mai cikin dare zuwa dajin da kowa ya san masu tare hanya ne a cikinsa, ka ce ina ruwanka. Wannan rashin sani ne da aka saya da riba, kuma ba zai karɓu ba a ranar da gaɓɓai za su yi shaida. Abokin ɓarawo ɓarawo ne.

AMANAR FASINJA

Babu inda wannan mas'ala ta fi nauyi a garinmu kamar sana'ar ɗaukar matafiya zuwa arewa. Shekara da shekaru ayarin motoci yana tashi daga Agadas ranar Litinin zuwa Dirku, daga can a nufi Libiya, wasu kuma su bi ta Arlit zuwa Aljeriya. Fasinjan wannan hanya shi ne abokin ciniki mafi wuyar sha'ani da za ka haɗu da shi. Ya gaji, ya tsorata, kuɗinsa na ƙarewa kullum, ba ya yarda da kowa, yana matsa maka a tashi yau-yau. Amma kuma shi ne mafi rauni, domin da zarar mota ta bar gari, ransa bayan ikon Allah yana rataye ne a kan lafiyar injinka, da yawan ruwan da ka ɗauka, da sanin hanyarka.

Ba mu manta ba. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwaki 92 kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara, 33 mata, bayan motocin da suka ɗauko su daga Arlit sun lalace. Da yawansu ƴan'uwanmu ne daga yankin Kance a ƙasar Damagaram. Ƙishirwa ta kashe su. A 2017 kuma mutum 44 suka rasu a kan hanyar Dirku ta irin wannan sanadi. Allah ya jiƙan musulminsu, ya ba iyalan kowa haƙuri.

A watan Mayu na 2015 hukuma ta kafa doka mai lamba 2015-36 wadda ta haramta fasa-ƙwaurin baƙin haure, aka tsananta aiki da ita daga 2016, aka kama direbobi aka tsare motoci, gidaje da yawa a nan suka rasa abin dogaro. Wasu da suka ci gaba a ɓoye suka riƙa kauce wa rijiyoyi da sanannun hanyoyi, wasu ma suka zubar da fasinjoji cikin rairayi da suka hango sintiri. A watan Nuwamba na 2023 aka soke dokar. To doka ta zo ta wuce, amma amanar da ke wuyan direba tana nan yadda take tun zamanin madugai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan ka karɓi kuɗin mutum a kan za ka kai shi, mitarsa da rashin godiyarsa ba su sauke maka ko ƙwayar zarra daga haƙƙinsa ba.

A nan ne kuma za ka ga cewa tausayi wani lokaci shi ne ƙi. Mota ta cika maƙil, mutane sun zuro ƙafafu waje suna riƙe da sanduna, sai ga mace da goyo da yara biyu tana kuka tana roƙo a ɗora ta, har tana ƙara kuɗi. Mai kwaɗayi zai ɗora ta ya kira abin taimako. Mai tsoron Allah zai ce: "Baiwar Allah, ba zan ɗauke ki a wannan motar ba," ya faɗa mata gaskiyar abin da ke gaba, ko da za ta zage shi. Zagin da ta yi maka a tasha ya fi maka alheri a kan tambayar da za a yi maka game da yaranta.

Zaɓen abokin hulɗa kuma bai tsaya a kan mai saye ba. Ya haɗa da ɗan kamashon da ke kawo maka fasinja, da mai masaukin da ke tara su, da wanda kake miƙa su hannunsa a ƙarshen hanya. A 2017 hukumar OIM ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa ana sayar da baƙin haure a garin Sabha na Libiya, ana kulle su ana dukansu har danginsu su aiko da fansa. Direban da ya san wannan hali na abokin hulɗarsa, ya ci gaba da sauke masa mutane domin yana biya a kan lokaci, to ya sani yana da kaso cikin kowace bulala. Sayar da ɗa a ci kuɗinsa yana cikin laifuffukan da hadisi ya ce Allah da kansa ne abokin husumar mai yin su.

UZURORI BIYU

Wani zai ce: "Idan ban sayar ba, maƙwabcina zai sayar, ɓarnar ba ta fasa ba, ni kaɗai na yi asara." Amsa ita ce ba a ɗora maka gyara duniya duka ba, an ɗora maka abin da hannunka ya miƙa. Kabarin maƙwabcinka daban, naka daban. Kuma ba gaskiya ba ne cewa ƙinka ba shi da tasiri. Da masu shago goma a layi guda za su haɗa kai su ƙi, da mutumin dare ya san garin ba nasa ba ne.

Wani kuma zai ce: "Malam, kana magana ne ba ka san tsadar buhun gero ba." Wallahi mun sani, kuma ba mu raina wahalar magidancin da iyali suka zuba wa ido ba. Shari'a ta san lalura, amma lalurarka ba ta halatta maka jinin wani ba. Sa'an nan ka duba da idon basira: dukiyar da ta shigo ta wannan ƙofa, a gidaje nawa ka ga ta zauna? Kwaɗayi mabuɗin wahala. A nan kuma akwai nauyi a kan mawadatanmu da shugabannin kasuwa da na tasha, su tallafa wa wanda ya bar haram don Allah, kada a bar shi ya zama abin dariya a cikin tsaransa.

KAMMALAWA

Abin da na faɗa wa saurayin nan shi ne nake faɗa wa kaina da ku. Dattijon da ya dame ka, kada ka kore shi. Ka rage bashin idan ya fi ƙarfinka, ka rubuta abin da ka bayar, ka tuna masa a keɓe, ka gaishe shi da girmansa. Wataƙila haƙurin da ka yi da shi ne zai rinjayar da mizaninka. Mutumin dare kuwa, tun da kai da bakinka ka ce ana maganganu a kansa, ka tambaye shi cikin ladabi, ka tambayi amintattu. Idan zato ya rinjaya a kan ɓarna, ka ce masa albarka, ko da kuɗinsa sun kai ribar wata guda.

Kafin ka ƙi mutum, tambayi zuciyarka: don Allah na ƙi shi, ko don ya taɓa mini girman kai? Kafin ka karɓi kuɗin mutum, tambaye ta kuma: wa zai yi kuka saboda wannan ciniki? Wanda ya lazimci waɗannan tambayoyi biyu, da yardar Allah shagonsa zai zama masa wurin ibada kamar sahunsa a masallaci.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya tsare matafiyanmu a kan hanyoyin Sahara, ya wadatar da mu da halal ya nisanta mu daga haram, ya ba mu haƙuri da bayinsa kamar yadda muke fatan ya yi mana rangwame ranar hisabi. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.